Rowar Tabawa

Dalilin da ya sa jan ɓeran ƙanƙara yake barin abincinsa mai daɗi, ya je ya zauna kusa da fari yana gaigayar itace mai ɗaci, shi zan gaya muku yau. Ku matso kusa. Wanda yake tauna kuma ya haɗiye tukuna, don labarin na masu jin yunwa ne, bai kamata a saurare shi da baki cike ba.

Can arewa, arewar da ta wuce Agadas, ta wuce hamada, ta haye teku, akwai wata ƙasa da sanyi ya hana itace miƙewa tsaye. Wannan sanyin da kuke ji a nan har kuna gudun wanka, a can sunansa zafi. In lokacin sanyinsu ya zo sai dusar ƙanƙara ta zubo ta lulluɓe komai fari fat, rana ma ta ja jiki ta daina fitowa sosai. A ƙarƙashin wannan dusa wasu 'yan ɓeraye suke zaune, ɓulɓul da su, ga guntuwar wutsiya, ga gashi cunkus. Turawa suna ce musu lemin, mu kuwa sai mu ce ɓerayen ƙanƙara. Suna haƙa lunguna tsakanin ƙasa da dusa, su yi ɗakuna da busasshiyar ciyawa, su ci, su sha, har su haihu a ciki, na sama bai san ana yi ba.

Yanzu iri biyu ne, akwai ja, akwai wanda yake komawa fari in sanyi ya shigo. Amma a wancan zamani duk jajaye ne, abincinsu kuma ɗaya, gansakuka. Ita ce tuwonsu, ita ce miyarsu. Tana shimfiɗe a ƙasa kore shar, ga laushi ga zaƙi-zaƙi, ko da dusa ta rufe ta tana nan yadda take.

Suna da wata al'ada da ba a wasa da ita. 'Yan ɗaki ɗaya ba sa cin abinci a rarrabe, kai suke haɗawa wuri guda. Babba ne yake fara sa baki, in kuma ya janye, dole ƙarami ya janye. Kakanninsu ne suka kafa haka, don wurin da duhu-duhu yake, kada wani ya cinye rabon wani ba a gani ba.

To, akwai wasu 'yan'uwa biyu, Tabawa da ƙanwarta Gaje. Uwarsu ta mutu tun Gaje ba ta san hagu da dama ba, Tabawa ce ta rene ta, ita ta koya mata haƙa, ita ta koya mata jin motsin mujiya. Tabawa ba ta da yawan magana. Gaje kuwa bakinta ba ya hutawa, ga kafiya, in ta ce a'a ko dutse ya fi ta saurin juyawa. Amma a duniya ba abin da take so kamar yayarta. Da mujiya ta ɗauke mijin Gaje gab da zubar dusa, ta bar ta da ciki, ba wanda ya yi wata shawara, Tabawa ta faɗaɗa ɗakinta kawai, Gaje ta dawo.

A shekarar ne aka yi abin da tsofaffi ma ba su taɓa gani ba. Dusa ta zubo kamar yadda ta saba, kowa ya shige ƙasa, sai wata iska mai ɗumi ta taso, aka yi ruwan sama a kan dusar. Ruwan ya tsiyaye ya kwanta a ƙasa. Kafin ya ƙafe sanyi ya dawo da ƙarfinsa, ya daskarar da shi. Da ɓeraye suka fito neman abinci sai suka tarar gansakuka tana nan, kore shar, amma a cikin ƙanƙara, kamar alewa a kwalbar mai kanti. Kana gani, kana lasa, haƙorinka ba ya kaiwa. Ba inda ta tsira sai 'yan wurare a gindin duwatsu, inda ruwa bai samu shiga ba.

Yunwa ba ta da kunya, yara. Maƙwabtan da suke gaisawa da fara'a suka koma cizon juna a kan abin da bai cika baki ba. Aminai suka daina magana. Ko'ina ka kasa kunne cikin lunguna, tsuwwa kake ji da kokawa. Su Tabawa dai Allah ya taimake su, ɗakinsu yana jikin wani dutse mai rufa, a gindinsa akwai ɗan fili na gansakuka da ya tsira. A cikin wannan hali Gaje ta haihu, 'yan jarirai jajaye, ba gashi, idanu a rufe.

Tabawa ta je ta tsaya a kan ɗan filin nan ta daɗe tana dubansa. Ba ta buƙatar kowa ya yi mata lissafi. In baki ɗaya ne zai ci, zai kai su har ƙanƙara ta narke. In baki biyu ne, zai ƙare da sauran sanyi, nonon Gaje ya ƙafe, jariran su bi ubansu.

Da aka zauna cin abinci sai ta ɗan taɓa ta janye, ta ce ta ƙoshi. Gaje ma ta janye. Tabawa ta ce mata ta ci gaba, ai mai jego ba ta cikin wannan doka, cin da za ta yi ba nata ba ne, na yara ne. Gaje ta girgiza kai.

"Yaya, ranar da zan ci ke kina kallo, ranar abincin ba zai wuce maƙogwarona ba. In kin ci in ci, in kin bari in bari."

Tabawa ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta haɗa ta da girman uwarsu, duk a banza. Washegari ta sake dabara. Ta sunkuyar da kai tana motsa baki kamar tana ci, alhali iska take taunawa. Amma wanda ka rena ya san ƙarar taunarka. Gaje ta ɗaga kai ta dube ta, ta ja da baya ta bar abincin. Haka suka yi ta yi, wannan tana barin wa waccan, waccan tana barin wa wannan, abinci yana gabansu suna ramewa. Kukan jariran da yake cika ɗaki ya fara sirancewa, har sai ka matso kake jin sa. Wannan ne ya tsorata Tabawa fiye da komai.

Ta fita tana yawo cikin lunguna ba ta san inda za ta ba. Ta bi wata hanya da take hawa sama, inda dusa take da tauri, inda ba mai zuwa saboda kusa yake da sarari, sarari kuwa na mujiya ne. A nan ta ci karo da rassan wani ɗan itace. Na ce muku itace ba ya tsayuwa a ƙasar, to wannan rarrafe yake yi, rassansa sirara kamar tsinken tsintsiya. Kowane ɓera ya san shi, ba kuma wanda ya taɓa ɗaukarsa abinci. Yunwa ta sa Tabawa ta kai masa haƙori.

Kun san maɗaci, kun san shuwakar da ba a wanke ba. To ku haɗa su, ku ƙara bauri. Hawaye ya zubo mata, harshenta ya ƙanƙance, ta tofar. Ta zauna ta huta, sannan ta sake gatsa, ta runtse ido ta haɗiye. Ta jira ta ji ko za ta mutu. Ba ta mutu ba, cikinta ma ya ɗan lafa.

Da farko murna ta yi, ta juya za ta ruga ta gaya wa Gaje. Sai ta tsaya. Ta san abin da zai faru. Gaje za ta ce a raba, gansakukar a ci tare, ɗacin ma a ci tare. Za ta riƙa barin jarirai tana hawowa nan kusa da mujiya, tana cusa wa cikinta abin da ba a san yadda zai yi da nono ba, gansakukar kuma duk da haka baki biyu ne a kanta. Tabawa ta daɗe a zaune a wurin. Ta san ƙanwarta ciki da bai. Tausayi ba zai taɓa sa Gaje ta ci ita kaɗai ba, amma fushi zai sa.

Ta karyo ɗan reshe ta sauko da shi. Ta shiga ɗaki ba sallama, ta wuce Gaje, ta je lungu ta juya mata baya, ta fara gaigaya ƙaras-ƙaras, har da ɗan lumshe ido da kaɗa kai. Allah kaɗai ya san yadda ta hana fuskarta yamutsewa. Gaje ta yi sororo, don tun da take ba ta taɓa ganin bayan yayarta a wurin cin abinci ba. Ta tambaye ta mene ne wannan. Tabawa ta ce wani abu ne ta samo, ita ma ba ta san haka yake da daɗi ba, ashe duk shekarun nan wahalar banza suke sha da gansakuka. Gaje ta yi dariya, ta matso ta ce a ɗanɗana mata.

Tabawa ta dafe reshen da hannu.

"Kada ki taɓa. Ni na sha wahala na nemo abina."

"Yaya, wasa kike yi?"

"Na gaji, Gaje. Tun kina tsumma nake raba bakina da ke. Yanzu ga ki da zugar 'ya'ya, su ma ni za su zauna wa? Ga gansakukarki can, ki ci, ki bari, ruwanki. Na rantse da kabarin uwarmu, gansakuka ba za ta sake shiga bakina ba, tun da na samu abin da ya fi ta. Nawa kuwa ko ƙamshinsa ba za ki ji ba."

A wurinsu ba a warware irin wannan rantsuwa, dukansu sun sani. Gaje ta tsaya tana kallonta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Amma ba ta yi kuka ba, na ce muku akwai kafiya. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ita ma ba za ta mutu don wani ya hana ta nasa ba. Ta juya ta nufi gindin dutse, ta sa kai ta fara ci, tana ci tana huci, kamar da gansakukar take faɗa. Tabawa tana jin ƙarar taunar daga lungu. Ba ta taɓa jin abin da ya yi mata daɗi ya kuma yi mata ciwo lokaci ɗaya kamar wannan ƙara ba. Ta ɗauki guntun reshenta ta fita, don in ta ƙara zama kaɗan asirinta zai tonu.

Ta yi ɗan ɗaki can sama kusa da itacen, ita kaɗai. Wurin akwai sanyi, ba jikin da za ta raɓa. Labari kuwa ya zaga lunguna kafin ta gama shimfiɗa. Wata maƙwabciyarsu, Barmani, wadda in ta ji magana sai ta kai ta inda ba a aike ta ba, ita ta yi ta yawo da shi, wai Tabawa ta samu abin daɗi ta gudu ta bar ƙanwarta da ɗanyen jego. Wasu suka hau su ga abin daɗin, suka gatsa, suka tofar, suka sauko suna cewa ba wannan ba ne, ta dai ɓoye na gaskiyar. Daga nan sunanta ya koma Tabawa marowaciya. Uwa in ɗanta ya hana ɗan'uwansa abu sai ta ce, kai, kada ka zama Tabawa.

Duk wannan bai dame ta ba sosai. Abin da ya dame ta shi ne ranar da suka yi kiciɓis da Gaje a wani siririn lungu. Gaje ta raɓe ta ba ta hanya, ta ce, "Sannu," kamar yadda ake gaida baƙo. Ba ta ce Yaya ba. Tabawa ta amsa ta wuce, ta je ɗakinta ta kwanta, ranar ko ɗacin ba ta iya ci ba.

Amma tana da abin da yake riƙe ta. Akwai wani wuri a bayan dutsen nan inda bangon dusa yake da sirantaka. Kullum sai ta lallaɓa ta je ta manna kunne. Da farko ba ta jin komai sai numfashi. Sannu a hankali kukan jariran ya fara kauri. Wata rana ta ji suna kokawa a kan nono, Gaje tana yi musu tsawa, ta ce za su kashe ta da ci. Tabawa ta toshe baki kada dariyarta ta fito, ta koma sama da sauri.

Wahala kuwa ta sauya ta. Dusar sama tauri gare ta, ba kamar ta ƙasa mai gari-gari ba. Haƙa ta sa faratanta na gaba suka tsage, suka yi jini, suka warke, suka yi kauri da baki biyu. Ga ɗaci, ga kaɗaici, ga tunani, sai furfura ta fara fito mata, daga ƙeya ta bi baya, har ta wayi gari ba sauran ja a jikinta ko ɗigo. Barmani ta ce alhakin Gaje ne ya kama ta. Wata rana rassan da ke cikin dusa suka ƙare mata, dole ta leƙa sarari ta nemi wani itacen. Tana tsakiyar fili sai ta ga inuwa ta gifta. Mujiya ce, ta sauko ƙasa-ƙasa har Tabawa tana jin iskar fiffikenta. Ba wurin gudu, sai ta lafe ta rufe ido. Mujiya ta zaga, ta sake zagawa, ba ta ga komai ba sai fari a kan fari, ta yi gaba. Ashe furfurar nan sutura ce Allah ya yi mata.

A kwana a tashi rana ta fara daɗewa a sama. Dusa ta fara ɗiga, ƙanƙarar da ta kulle ƙasa ta tsattsage, gansakuka ta fito ko'ina, har ta fi ƙarfin masu ci. Waɗanda suka ciji juna suka fara gaisawa suna sunkuyar da kai. Tabawa ta hangi 'ya'yan Gaje daga nesa, sun yi gashi, sun yi ɓulɓul, suna guje-guje a bakin lungu, ba wanda ya rasu a cikinsu. Ta so ta sauka ta faɗi gaskiya, sai ta ga to, in ta faɗa me zai ƙaru? Rantsuwa dai ta riga ta yi. Gaje kuma za ta ɗauki abin ta ɗora wa ranta, ta riƙa ganin kowace loma da ta ci kamar daga bakin yayarta ta ƙwace. Gara a bar ta da fushinta, fushi ya fi wannan sauƙin ɗauka.

Ran nan da hantsi Tabawa ta dawo daga shan ruwa, sai ta hangi wani a gindin itacenta. Gaje ce. Abin ya daɗe yana cin ta, ta ce yau sai ta ji ɗanɗanon abin da ya raba ta da 'yar'uwarta, ko da sata ne. Tana zaune da guntun reshe a hannu, an gatsi gefensa. Fuskarta a yamutse, hawaye yana bin gashin kumatunta. Ba reshen take kallo ba. Tana kallon sauran rassan ne, yadda aka gaigaye su tas, reshe bayan reshe, tun daga gindi har ƙarshe, cin wata da watanni.

Tabawa ta tsaya cik. Gaje ta ɗago ta dube ta, ta dubi farin gashin, ta dubi tsagaggun faratan.

"Yaya, da ɗaci."

Tabawa ta nemi muryar faɗan nan ta rasa. Da ƙyar ta ce, "Wa ya ce ki taɓa mini abincina?"

"Kullum wannan kike ci?"

"An saba. In kin daɗe kina ci har wani gardi-gardi yake yi."

"Ƙarya kike yi, Yaya."

"To, ƙarya nake yi."

Gaje ta ce ta taso su koma gida, ga gansakuka can har ana takawa. Tabawa ta ce ta manta da rantsuwa ne? Gaje ta san ba yadda za a yi da wannan. Ta share fuska. Sannan ta gyara zama, ta jawo reshen ta ajiye a tsakaninsu, ta matso har kafaɗarta ta taɓa ta yayarta. Tabawa ta ce mata kada ta yi wauta, ita da take da abinci mai daɗi me ya kai ta cin wannan.

"Ke kika rantse, ni ban rantse ba," in ji Gaje. "Sa baki, Yaya, ke ce babba. Yunwa nake ji."

Tabawa ta sunkuya ta gatsa. Gaje ta gatsa. Suka yi ta ci kai a haɗe, suna yamutsa fuska, suna hawaye, kowacce tana cewa ɗacin ne ya sa. Tabawa ba ta yi saurin janyewa ba ranar, Gaje ma ba ta janye ba, sai da suka cinye reshen tas.

Daga baya Tabawa ta yi aure ta hayayyafa, 'ya'yanta suka gado ta. Da rani gashinsu ya yi duhu, sanyi na shigowa su koma fari, faratansu su yi kauri, gansakuka kuwa ba ruwansu da ita. 'Ya'yan Gaje suka tsaya jajaye, suna cin gansakukarsu, amma uwarsu ta hore su, kada wanda ya bar 'ya'yan Inna Tabawa su ci ɗaci su kaɗai.

Shi ya sa har wa yau, in sanyi ya rufe waccan ƙasa, farin ɓeran ƙanƙara yana can yana gaigayar ɗan itacensa, jan kuwa ko gansakuka ta ishe shi sai ya hau ya ci nasa rabon na ɗacin. Masu zuwa kallo daga nesa suna cewa ƙwace yake yi wa fari, suna mamakin yadda abinci ɗaya bai haɗa su faɗa ba. Ba ƙwace ba ne, yara. Taya shi ci yake yi.